Askin aska ba da ƙarfi ake yin sa ba: tambayoyin da baƙinmu ke yi a Makka

Mahaifina wanzami ne, da zabirarsa ya shigo ƙasar nan, kuma a gabansa na koyi riƙon aska. Ban ɗauki sana'ar ba, amma duk shekara 'yan'uwan da ke sauka wurinmu a Shara Mansur, masu Umara da alhazai, sai sun taso ni da zancen aski. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa.

Yaya, me ya sa aska ke yi mini zafi, alhali wani har gyangyaɗi yake yi a hannun wanzami?

Galibi kanka ne bai sha ruwa ba. Busasshen gashi tauri gare shi, aska na tsinke shi ne da ja, jan nan kuwa shi kake ji har cikin ido. In ya jiƙa sai ya kumbura ya yi laushi, kaifi ya ratsa shi salin-alin. Shi ya sa wanzamin gida ba ya fara zaro aska. Zai ajiye ƙoƙon ruwa a gefe, ya kama kanka da tafin hannu yana murzawa, yana ƙara ruwa, yana murzawa, har ka ƙosa. Mahaifina yakan ce murzar nan ita ce askin, abin da ya biyo baya share kai ne kawai.

A ba kai minti 2 zuwa 3 cikin ruwa mai ɗumi, ba mai ƙuna ba. A nan sai an kula, domin da bazara ruwan tankin da ke saman bene yakan sauko kamar an dafa shi. A tara a roba ya huce. Wanda ya kwana a Muzdalifa, ƙura da gumi sun daskare masa a ka, ya wanke tukuna, kuma tun da bai fita daga harami ba ya nemi sabulu mara ƙamshi. In suma ta yi yawa a rage ta da kilifa kafin a kawo aska.

Kumfa kuma ta kasance mai ruwa-ruwa da santsi, ba tulin fari a ka ba. Cikin ɗaki mai na'urar sanyi nan da nan take bushewa, don haka shafa wa gefen da za a aske yanzu, sauran ya jira.

To yaya ake riƙe askar, kuma yaya ake ɗora ta?

Babban yatsa a ƙasa, yatsu uku a bisa, ƙaramin ya dafe wutsiyarta. Riƙon ya zama sakwa-sakwa, kamar na alƙalami. Ka kwantar da ita a fata, sannan ka ɗaga bayanta kaɗan, wajen digiri 30. In ka miƙar da ita tsaye kankare fata za ta yi, in ta kwanta ɗungurungum sai ta bi ta kan gashin ta wuce.

Hannun da ba ya riƙe da aska shi ne ya fi aiki. Da shi ake ɗame fata ta miƙe, daga bayan aska, ba daga gabanta ba. Fatar da ta yi tattara ita kaifi ke kamawa, musamman a ƙeya da bayan kunne. Ja gajere-gajere, kamar faɗin yatsu biyu, ka goge kaifin, ka ci gaba. Kada ka danna, nauyin askar ya wadatar. Kada kuma ka taɓa zame ta gefe kamar mai yanka nama. Da hakan na tsaga wa ƙanena kunne ina yaro, har yau tabon na nan.

Ka saurara da kunnenka. Aska mai kaifi a kan gashin da ya jiƙa ƙara take yi siririya, kar-kar-kar. In ka ji tana tirjewa, ko ta dushe ko kumfa ta bushe.

Baba, ni da na yi ƙwal-kwabo sai ƙuraje su feso mini a ƙeya da wuya. Ƙazantar aska ce?

Wani lokaci ita ce, amma mafi yawa gashinmu ne. Gashin baƙar fata murɗaɗɗe ne. In aska ta yanke shi ƙasa da saman fata, bakinsa ya yi tsini, to da ya fara tsirowa sai ya lanƙwaso ya soki fatar, ko ya kasa fitowa sam. Jiki ya ɗauke shi tamkar ƙaya ya tara masa kumburi. Balarabe ko Baturke mai miƙaƙƙen gashi zai iya bin kansa sau uku, ya tashi sumul lafiya lau. Mu in mun kwaikwaye shi, ƙeya ce ke biyan bashin.

Don haka kafin aski, shafa kanka da hannu ka gane inda gashi ya kwanta. Daga tsakiyar kai yake watsuwa, ya gangara goshi, ya gangara ƙeya, a wuya kuma yakan karkace gefe. Bi shi inda ya nufa. In bai yi maka ba, sake shafa kumfa ka bi shi a gicciye, sau ɗaya. Kishiyar kwanciyarsa kuwa, wato aska ta haura daga ƙeya zuwa sama, shi ne ke ba da santsin nan kamar tangaran, kuma shi ne uban ƙuraje. Ni ina ganin santsin yini ɗaya bai kai a sayo shi da mako biyu na susa ba. Mai yawan ƙuraje ma kada a ɗame masa fata da ƙarfi, domin ɗamewar na turo gashi waje, in an saki ya koma ciki.

Masu askin shagunan nan hannunsu da sauri, mutane sun yi musu layi. Ka buɗe baki ka faɗa tun kafin a fara, ko da nuni ne da hannu. In kuma ƙurajen ƙeya sun fara tauri suna haɗewa, a ajiye aska a ga likitan fata, domin irinsu kan zama tabo mai tudu da ba ya gogewa.

Malam, askar gado ta fi, ko wannan ta Larabawa da ake sa wa reza?

Wajen daɗi, askar ƙarfe da aka wasa a dutse aka goge a fata tana da taushin da reza ba ta da shi. Wannan ba na musu. In taka ce kai kaɗai, riƙe abarka, ka riƙa goge ta a fata kafin kowane aski, bayanta na gaba kaifi na biye, ka shanya ta sosai don kada ta yi tsatsa.

Amma a kan jama'a, a'a. Wadda ake kira mus a nan, da ake karya reza biyu a zura rabi, ita ce daidai, kuma hukuma ma reza mai amfani sau ɗaya ta wajabta wa shagunan aski. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini kwana 7 ko fiye, jinin da ido ba ya ma gani. Akwai nau'in C, akwai ƙanjamau. Goge aska da tsumma ko tsoma ta a ruwa ba ya kashe su. Ranar 10 ga Zulhajji a Mina za ka ga mutane durƙushe a gefen hanya, aska ɗaya tana yawo daga kai zuwa kai, jini na ɗiga a farin harami. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Hukumomin lafiya na Saudiyya kowace shekara sai sun ja kunne a kan masu askin da ba su da lasisi. Ka tsaya ka ga an ɓare sabuwar reza a gabanka. Ba rashin kunya ba ne ka ce a canja.

Ta wane gefe ake farawa?

Ta dama. Muslim ya ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah (SAW), bayan jifa da yanka a Mina, ya nuna wa mai aski gefen dama, sannan hagu. Ya kuma yi wa masu aske kai addu'a sau uku, masu saisaye sau ɗaya.

Bayan an gama fa?

Ruwan sanyi. Sannan alif, wanda ake kira shabba a kantunan nan: jiƙa shi ka bi kan a hankali, bayan ɗan lokaci ka ɗauraye. Yana tsai da ƙananan jini, kuma duk inda ya yi maka raɗaɗi, nan aska ta ci fata. Shi ma ka mallaki naka, kada ka yarda da na shago. Ka bi da ɗan man kaɗe ko na zaitun. Turare ka fesa a riga, ba a sabon aski ba. Ranar Makka kan wuce digiri 40, fatar da suma ta rufe shekara guda ba ta san ta ba, sai a nemi hula mai taushi ko lema.

Alhaji, na aske shekaranjiya, yau kuma na sake ɗauko Umara daga Tan'im, wurin ɗaukar harami da ke bakin Makka. Me za a aske?

Kusan babu komai, domin gashi wajen santimita 1 yake yi a wata. Malaman fiƙihu sun ambaci a bi kan da aska ko da babu gashi. A jiƙa shi kamar na farko, a bi sau ɗaya sama-sama. Fatar ba ta gama warkewa ba, ita ce za ta fi kowa jin aski ya zo gaban goshi.

Zan iya yi wa kaina?

Gyaran fuska, ƙwarai. Fara da kumatu inda fata take shimfiɗe, ka yi mako kana nan kafin ka gangara wuya. A maƙogwaro, ja fatar gefe ka aske, kada ka hau ƙashin. Amma kai gaba ɗaya da buɗaɗɗiyar aska, ba na ba ka shawara, tun da ba ka ganin ƙeyarka. Nemi mariƙin nan mai murfi da ake ɗaura wa reza guda, ko ka zauna a tabarma ka miƙa wa ɗan'uwanka sabuwar reza, ka nuna masa inda gashinka ya kwanta kafin ya fara.