Mece ce ayahuasca, kuma me ya kai ta coci?

Ayahuasca, da ake furtawa kamar "ayawaska", tsimi ne mai ɗacin gaske da mutanen dajin Amazon ke dafawa a Peru da Brazil da Kolombiya da Ekwado. Sunan daga harshen Quechua yake, ana fassara shi da igiyar ruhohi. Ana daddaka wata kurangar daji, a haɗa da ganyen wani tsiro mai suna chacruna, a yi ta tafasawa na tsawon awanni har ruwan ya yi kauri. Ganyen ne ke ɗauke da sinadarin DMT mai sa gane-gane, sai dai in an sha shi kaɗai ciki na kashe ƙarfinsa. Kurangar ce ke hana hakan.

Wajen 'yan ƙabilar Shipibo na kogin Ucayali a Peru, magani ce. Da dare ake zama, mai magani ya yi ta rera waƙoƙin da ake kira icaro a kan marar lafiya. Amai kusan dole ne, kuma a wurinsu aman shi ne wankin ciki.

Labarin coci kuwa ya faro ne da Raimundo Irineu Serra, baƙar fata jikan bayi daga jihar Maranhão ta Brazil, wanda aikin tatsar roba ya kai shi yankin Acre a dajin Amazon. Ya sha tsimin a can, ya ce wata mata ta bayyana gare shi, Sarauniyar Daji, kuma ya ɗauke ta a matsayin Budurwa Maryamu. Wajen 1930 ya kafa cocin Santo Daime a Rio Branco, babban birnin Acre. Mabiyansa kan sa fararen kaya ranar biki, maza gefe mata gefe, su karanta addu'o'in Katolika, su sha, su kwana suna waƙoƙin yabo da rawa. A ganina abin lura ke nan: wanda ya tashi da sanin Maryamu ita ya gani, mutumin Shipibo kuma yakan ba da labarin macizai da ruhohin tsirrai.

Ba kowane Kirista ya yarda ba. Fastoci da yawa a ƙauyukan dajin aikin shaiɗan suke kiran ayahuasca, suna hana mabiyansu. Peru dai ta sa ta cikin kayan gadon ƙasa a 2008, Brazil ma ta halatta shanta don ibada.

Yanzu Turawa sun cika birnin Iquitos na Peru suna biyan daloli don su sha, har bokayen bogi sun samu kasuwa. An samu mace-mace, kuma haɗarin ya fi ga masu ciwon zuciya da masu shan wasu magungunan ciwon damuwa.