Shin Shaiɗan ne sarkin Jahannama?

An daɗe ana cewa Shaiɗan ne sarkin Jahannama, wai shi ke azabtar da mazaunanta. Zane-zane da almara sun yaɗa wannan tunani, amma Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba.

Matiyu 25:41 ta ce domin Iblis da mala'ikunsa aka shirya wutar, Wahayin Yahaya 20:10 kuma ta nuna za a jefa shi ciki ya sha azaba. Halitta ne mai iyaka, wanda bai iya taɓa Ayuba ba sai da izinin Allah, shi ya sa ya fi dogara ga ruɗi.

Idan aka jingina wata magana ga Nassi, ku nemi ayar, ku karanta surar gaba ɗaya. Don Allah ku tura wa 'yan'uwa wannan bayani.