Raba Auren Kaktus da Kafa Shi a Kan Saiwarsa

Raba auren kaktus hanya ce da masu renon tsirrai suke bi domin cire kan kaktus daga gindin da aka ɗora shi a kai, sannan su bar shi ya fitar da saiwarsa ya ci gaba da rayuwa shi kaɗai. Kaktus dangin tsirrai ne masu ƙaya da tara ruwa a jiki, kuma kusan dukkansu 'yan asalin nahiyar Amurka ne. Bai kamata a rikita su da tinya ko ƙyarana na ƙasar Hausa ba, domin waɗannan biyun dangin Euphorbia ne masu farin ƙaro, kamanni kawai suka haɗa su.

Auren da ake yi wa kaktus bai sha bamban da wanda manoma suka sani a mangwaro ɗan aure ba. Ana yanke kan tsiro mai jinkirin girma a ɗora shi a kan gindin wani mai ƙarfi, a tabbatar da cewa zoben jijiyoyin da ke tsakiyar kowannensu ya haɗu da na ɗayan, ta nan ruwa da abinci za su riƙa wucewa. Gindin da aka fi amfani da shi ya haɗa da Pereskiopsis don ƙananan tsirrai, da Hylocereus mai kusurwa uku, da Myrtillocactus geometrizans, da Trichocereus. Cikin nau'ukan da ake yawan aurarwa akwai masu wuyar samu na ƙasar Meziko, irin su Ariocarpus, da Turbinicarpus, da Astrophytum asterias, da Aztekium ritteri wanda ke tsirowa a jikin tsaunukan jihar Nuevo León. Ariocarpus da aka shuka daga iri yana iya kai kusan shekara 10 kafin ya yi fure, amma a kan gindi mai ƙarfi yakan yi haka cikin 'yan shekaru kaɗan. Wannan sauri yana da amfani wajen kare su, saboda yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ɓacewa, wadda aka sa wa hannu a birnin Washington a 1973, ta sa waɗannan nau'uka cikin rukuninta na farko, inda aka haramta cinikin waɗanda aka tono daga daji tsakanin ƙasashe.

Duk da haka, aure yana canza tsiro. Kan da ke shan abinci fiye da ƙima yakan kumbura, ya yi laushi, ya fitar da 'ya'ya barkatai a gefe, har ya rasa shimfiɗaɗɗiyar siffar da yake da ita a daji, inda yake kwanciya daidai da ƙasa. Gindin kuma ba ya dawwama. Hylocereus ba ya jure sanyi, Pereskiopsis yakan zubar da ganye ya gaji bayan 'yan shekaru, kuma idan gindi ya fara ruɓewa, ruɓar takan bi jijiya ta hau kai. Waɗannan ne dalilan raba auren.

Hanya biyu ake bi. Ta farko ita ce a yanke gindin a bar guntunsa kamar santimita 1 zuwa 3 a manne da kai, a ƙwaƙule idanun da ke jikinsa don kada su yi toho, a binne shi. Guntun yakan fitar da saiwa da wuri, sai dai tsiron bai tsaya da ƙafarsa ba tukuna, kuma ranar da guntun ya ruɓe a ƙarƙashin ƙasa mai shi ba zai gani ba. Ta biyu ita ce a yanka a daidai mahaɗar, a cire duk wani ɓurɓushin gindi. Ta fi haɗari da jinkiri, amma ita ce raba aure na gaskiya.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne farkon lokacin girma, sa'ad da yanayi ya yi ɗumi, kuma kan ya kai girman da ruwan jikinsa zai riƙe shi tsawon watanni. Ana goge reza ko wuƙa mai kaifi da sifirit kafin kowane yanka. Fuskar yanka mai lafiya fara ce ko mai ɗan kore, tana sheƙi, zoben jijiyoyi na bayyane a tsakiya. Idan aka ga ɗigo ja ko ruwan ƙasa a cikin zoben, alamar ruɓa ce, sai a sake goge rezar a yanko siririn yanki, a maimaita har fuskar ta fito tas. Bayan nan ana fere gefen yankan ya ɗan yi tsini, domin idan ya bushe tsakiyarsa takan lotsa ciki, kuma saiwar da ake so daga zoben take fitowa. Masu reno da yawa sukan barbaɗa garin farar wuta don hana ƙwayoyin cuta, wasu kuma su ƙara hodar da ke zaburar da saiwa.

Wani matakin da ake yawan yin asara a kansa shi ne na busar da yankan. Ana ajiye kan a tsaye a inuwa mai iska, daga mako 1 zuwa makonni da dama gwargwadon faɗin yankan, har sai ya yi ɓawo mai tauri da farce ba ya shiga. Daga nan a ɗora shi a kan busasshiyar tsakuwa ko garin dutsen aman wuta mai ramuka, ba tare da an binne jikinsa ba, cikin ɗumi na kusan digiri 20 zuwa 30. Ba a ba shi ruwa sosai sai fararen kawunan saiwa sun leƙo. Gymnocalycium da Astrophytum sukan yi haka cikin makonni, Ariocarpus da Aztekium kuwa suna iya ɗaukar watanni suna motsewa kafin su kama. Ariocarpus da aka raba ma yakan fara da siraran saiwoyi maimakon kakkaurar saiwa mai kama da karas da ɗan iri yake da ita.

Akwai kaktus da ba a raba aurensa ko kaɗan. Jan Gymnocalycium mihanovichii mai suna Hibotan, wanda aka samar a Japan kuma Koriya ta Kudu take fitarwa kasuwannin duniya da yawa, ba shi da koren sinadarin da tsiro ke haɗa abinci da shi daga hasken rana. Idan gindinsa ya gaji, sai dai a yanke shi a sake ɗora shi a kan sabon gindi.