Waiwaye: Yadda aka ga bayan cutar agana

Tun kafin a san ƙwayoyin cuta, mutane sun lura cewa wanda agana ta kama ya tashi ba ta sake kama shi. Sai suka ce bari su riga ta. A Indiya da Turkiyya da wasu sassan Afirka, akan tsaga fatar mai lafiya a goga ruwan ƙurjin majinyaci. A Sin kuwa ɓawon ƙurjin ake niƙawa a hura a hanci. Kasada ce, domin cikin mutum 100 akan rasa 1 ko 2. Amma agana da kanta takan kashe kusan 30 cikin 100, ta bar wasu da zanzana ko makanta.

Likita Edward Jenner na Ingila ne ya rage kasadar. An daɗe ana cewa masu tatsar nono da suka ɗauki ƙurjin shanu ba sa yin agana. A watan Mayun 1796 ya ɗebo ruwan irin wannan ƙurji daga hannun wata mai tatsa, ya sa wa James Phipps, ɗan shekara 8. Bayan makonni ya sa masa agana ta gaske, yaron ko gezau. Yau da wuya a bar likita ya gwada haka a jikin yaro.

Jenner bai san sirrin ba. Ƙwayoyin cututtukan biyu dangin juna ne, don haka fararen ƙwayoyin jini da suka yaƙi mai sauƙin sukan riƙe kamanninta. Ranar da muguwar ta shigo, sai ta tarar an san ta, a murƙushe ta kafin ta yaɗu.

A 1967 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara ƙaimi wajen yaƙar agana da rigakafi. Dabarar da ta yi aiki an gwada ta ne a gabashin Najeriya, inda allurar rigakafi ta yi wa wani likita Ba'amurke, Dakta William Foege, ƙaranci: a gano majinyaci, a yi wa duk na kewaye da shi lamba, cutar ta rasa wanda za ta kama. Mutum na ƙarshe da ya kamu ta hanyar yaɗuwa a cikin jama'a shi ne Ali Maow Maalin na Somaliya, a 1977. A 1980 aka ayyana an kawar da ita.

Agana ta yi sauƙin kawarwa saboda mutum kaɗai take kamawa, kuma a fuska ake ganinta. Shan inna kuwa ba a fuska ake ganinta ba, yawancin masu ɗauke da ita ba sa nuna wata alama, kuma har yanzu asalin ƙwayarta na yawo a Afganistan da Pakistan.