Waiwaye: yadda cututtukan ƙwaƙwalwa suka samu lambobi

A katin majinyaci a asibitin masu taɓin hankali, akan ga likita ya rubuta F20 ko F31 a gefen sunan ciwon. Wannan lambar ce ke shiga ƙididdigar ma'aikatar lafiya, ita kuma kamfanin inshora ke dubawa kafin ya biya kuɗin magani.

Asalin jerin da waɗannan lambobi suka fito daga cikinsa bai shafi masu rai ba. A 1893 wani Bafaranshe masanin ƙididdiga, Jacques Bertillon, ya tsara jerin abubuwan da ke kashe mutane, ƙasashe suka karɓa. Sai a 1948, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi ragamar jerin, wanda ake kira ICD, ta fitar da bugu na shida, sannan cututtukan ƙwaƙwalwa suka samu babi nasu. Likitocin Amurka suka fitar da nasu kundin, DSM, a 1952.

Rabon da lambobin ke bi ya girmi wannan babin na ICD da kuma DSM. A 1899 likitan Jamus Emil Kraepelin ya raba manyan cututtukan hauka gida biyu. Ɗaya shi ne na wanda yanayinsa ke hawa da sauka, wani lokaci zumuɗi da rashin barci da surutu, wani lokaci baƙin ciki mai nauyi, amma yakan dawo hayyacinsa a tsakani, wato ciwon sauyin yanayi. Ɗayan kuma na wanda tunaninsa ke rikicewa, yana jin muryoyi, yana zargin ana binsa da sharri, wanda Eugen Bleuler ya raɗa wa suna sikizofireniya a 1908.

A takarda rabon ya yi kyau, a gaban majinyaci kuwa likitoci suka kasa haɗa baki. Wani bincike da aka yi a ƙarshen shekarun 1960 ya kwatanta asibitocin New York da na Landan, aka ga Amurkawa suna saurin rubuta sikizofireniya ga irin mutanen da likitocin Ingila ke cewa ciwon sauyin yanayi ne. A ganina nan ne muhimmancin lamba ya fito fili, domin maganin litiyom, wanda Amurka ta amince da shi a 1970, mai ciwon sauyin yanayi yake yi wa aiki. Wanda aka ba sunan da ba nasa ba yana iya shekara da shekaru yana shan maganin da bai dace da shi ba, iyalinsa kuma sun yanke ƙauna. A kusan wannan lokacin Hukumar Lafiya ta gwada ma'auni ɗaya na gano sikizofireniya a cibiyoyi tara na duniya, ciki har da Ibadan. Wannan ruɗanin na cikin abin da ya sa DSM na uku, wanda Robert Spitzer ya jagoranta a 1980, ya jera alamomi ƙarara da tsawon lokacin da za su ɗauka kafin a yanke hukunci.

Haruffan F sun zo ne da ICD na goma, wanda aka amince da shi a 1990. Daga F20 zuwa F29 na sikizofireniya da danginta, daga F30 zuwa F39 na ciwon sauyin yanayi da danginsa. Amurka ba ta koma kansu wajen biyan kuɗin asibiti ba sai 1 ga Oktoban 2015. Bugu na sha ɗaya, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, ya sake lale: sikizofireniya ta zama 6A20, aka soke tsofaffin rassanta, aka raba ciwon sauyin yanayi zuwa 6A60 da 6A61.

Duk da haka iyakar da Kraepelin ya shata ba ta daina yoyo ba. Mai tsananin baƙin ciki yana iya jin muryoyi, shi ya sa aka tanadi F32.3. Akwai kuma waɗanda alamomin ɓangarorin biyu ke haɗuwa a kansu lokaci guda, waɗanda Jacob Kasanin ya bayyana tun 1933. Su ne F25 a tsohon bugu, 6A21 a sabo, kuma har yau likitoci biyu kan duba mutum ɗaya, wannan ya ba shi wannan lambar, wancan ya hana.