Mene ne "dip" mai hawa bakwai, kuma me ya sa ake jera shi haka?

Mai bibiyar bidiyoyin girkin Amurka ba zai rasa ganin wani faffaɗan kwanon gilashi ba, an shirya abinci a cikinsa launi-launi: ruwan ƙasa a gindi, sai kore, sai fari, sai ja, can sama kuma ruwan ɗorawa, jama'a sun kewaye shi kowa na miƙa hannu. Sunansa a Turance seven-layer dip. Abin da suke kira dip shi ne duk wani haɗi mai kauri da ba a shan sa da cokali, sai dai a dangwalo shi da wani abu mai ƙarfi a kai baki. Wannan kuwa an jera kayan haɗinsa ne ɗaya bisa ɗaya har hawa bakwai, ba tare da an cakuɗa su ba. Ana cin sa da sanyinsa, kuma mai haɗa shi ba ya kunna wuta ko sau ɗaya.

Abincin Amurka ne, daga salon girkin da ake kira Tex-Mex, wanda ya samo asali a jihar Texas. Texas tana cikin ƙasar Meziko har zuwa 1836, ta shiga tarayyar Amurka a 1845, kuma girkin mutanenta ya haɗa wake da masara da barkonon Meziko da cuku mai yawa irin na Amurkawa. Saboda haka, ko da yake kusan kowane hawa yana da dangi a girkin Meziko, wannan kwano mai hawa-hawa ba abincin gargajiyar Meziko ba ne. Mujallar Family Circle ta buga yadda ake yin sa a 1981 da sunan Tex-Mex Dip, kuma a shekarun da suka biyo baya ya zama abin da ba a rasawa a taron gida. Ranar da ya fi fitowa ita ce Lahadin Super Bowl a watan Fabrairu, wato wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka ta NFL, inda iyalai da abokai ke taruwa gaban talabijin na tsawon sa'o'i. Mai masaukin baƙi yana son abin da zai gama tun kafin kowa ya iso, ya ajiye a tebur, shi ma ya zauna kallo. Wannan buƙatar ce ta haifar masa da farin jini.

Abin dangwalar shi ne soyayyen fallen tortiya, wato siririyar gurasar masara da aka yanka mai kusurwa uku aka soya har ta yi ƙarau. A leda ake sayen sa.

To, idan ba a dafa komai, wake fa? A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. "Ba dafuwa" yana nufin mai haɗawa ne ba ya dafawa, domin kamfani ya riga ya yi wannan aikin. Waken da ake amfani da shi dafaffe ne, an farfasa shi an soya da mai, ana sayar da shi a gwangwani mai nauyin giram 450 ko kusa da haka, galibi daga irin waken da ake kira pinto. Buɗe gwangwani kawai za a yi. Cuku da kirim da zaitun su ma sarrafaffu ne. Ɗanyun kayan da ke ciki su ne fiya da tumatir da albasa da barkono da lemun tsami.

Yadda aka fi jera su ke nan daga ƙasa: waken, sai gwakamoli, wato markaɗaɗɗiyar fiya da aka sa wa lemun tsami da gishiri, sai kirim mai tsami da aka juya da garin kayan ƙamshi, sai salsa, wato yankakken tumatir da albasa da barkono, sai gurzajjen cuku, sai yankakken baƙin zaitun, sai ganyen albasa a kan komai. Gidaje suna sauya wurin wasu daga ciki, kuma lambar bakwai ɗin ba doka ba ce. Akwai mai yin biyar, akwai mai kai wa tara. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne cewa jerin yana da dalili. Wanda ya ɗauka ado ne kawai, ya zuba yadda ya ga dama, bayan sa'a guda zai tarar da ruwa ya kwanta a gefen kwano, korensa ya yi duhu, launukan sun shiga juna. Abu uku ake yaƙi da su a kwanon nan: nauyi, ruwa, da iska.

Maganar nauyi ba ta da wuya. Kamar ginin bene ne, abin da ya fi ƙarfi shi ke zama a harsashi. Wake ya fi komai kauri, shi ya sa yake ƙasa. Sai dai yadda yake fitowa daga gwangwani yakan yi tauri fiye da kima, musamman idan ya sha sanyin firji, har fallen masarar ya karye a ciki ya bar mutum da guntu a hannu. Maganinsa a juye shi a wani kwano daban, a zuba cokali biyu ko uku na salsa ko ɗan ruwan lemun tsami, a buga shi har ya saki, sannan a shimfiɗa. Kada a yi masa kauri sosai. Idan kwanon ya kai santimita 23 da 33, wanda shi ne girman da aka saba a kicin ɗin Amurka, gwangwani ɗaya ko biyu sun isa. Faffaɗan kwano marar zurfi ya fi mai zurfi, domin manufar ita ce dangwala ɗaya ta kwaso kowane hawa. A kwano mai zurfi, baƙon farko cuku da zaitun zai ci, na ƙarshe ya ƙare da wake zalla.

Iska kuwa abokiyar gabar fiya ce. Da zarar an yanka fiya, wani sinadari da ke cikin namanta yana haɗuwa da iskar oksijin, fuskarta ta fara rikiɗewa daga kore zuwa ruwan ƙasa, kamar yadda tuffa ke yi idan an yanka ta an bari. Tsamin lemu yana rage saurin wannan aiki, amma ba ya tsayar da shi. Abin da ke tsayar da shi shi ne hana iska isa wurin. Ga dalilin da ya sa kirim ke biyo bayan gwakamoli kai tsaye: shi ne murfinta. Kuma murfi ba ya amfani idan an bar ƙofa. Dole a shafa kirim ɗin har ya taɓa bangon kwano ta kowane ɓangare, kada a bar koren yana leƙowa ko'ina. Akwai masu cewa a tura ƙwallon fiya a cikin haɗin don kada ya yi baƙi. Ƙwallon ba ya kare komai sai ɗan wurin da ya rufe, sauran fuskar duk tana canza launi.

Shafa mai laushi a kan mai laushi yana buƙatar dabara, kuma nan ne hannun sabon shiga ke ɓata aiki. Idan aka juye kirim duka a tsakiya aka fara ja da cokali, zai kwaso fiyar ya cakuɗa. Gara a ɗiga shi cokali-cokali a wurare da dama, sannan a haɗe ɗigon a hankali da bayan cokali. Wasu suna zuba shi a leda mai tsabta, su yanke kusurwa ɗaya, su matso shi layi-layi. Garin ƙamshin da ake sa masa ana sayar da shi a ƙaramin fakiti na giram 28, haɗin barkono da kumin da tafarnuwa da albasa da gishiri. Gishirinsa yana da yawa, don haka a fara da rabi a ɗanɗana. Wake na gwangwani da zaitun da cuku duk da gishirinsu suke zuwa, kuma na fi ganin wannan abinci ya lalace ta hanyar yawan gishiri fiye da ƙarancinsa.

Ruwa shi ne babbar matsalar, kuma daga tumatir yake fitowa. Tumatir fiye da kashi 90 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, gishiri kuma yana jawo ruwan waje. Salsa da aka zuba kai tsaye daga kwalba za ta ci gaba da tsatsafo da ruwa a kan kirim, ruwan ya gangara ta gefe ya taru a ƙasa, da an ɗebi kusurwa ɗaya sai ya malalo cikin ramin. Ana magance wannan tun kafin a fara jeri. A zuba salsar a mataci a bar ta ta tsane na minti 10 zuwa 15. Idan ɗanyen tumatir za a yanka, a cire 'ya'yan da ruwan cikinsa, a yi amfani da naman kawai, a barbaɗa ɗan gishiri a bar shi a mataci ya zubar da abin da zai zubar. Irin tumatir mai tsawo da ake kira Roma ya fi dacewa saboda ya fi sauran irin tumatir yawan nama da ƙarancin ruwa a ciki. Shi kansa kirim yana fitar da ɗan ruwa idan ya daɗe, shi ya sa wasu ke haɗa shi da cuku mai laushi don ya tsaya da ƙafarsa. Wasu kuma suna ƙara yankakken latas a matsayin hawa guda. Ni ban goyi bayan haka ba sai idan nan take za a ci, domin latas da ya kwana tsakanin tumatir da gishiri yaushi yake yi, ya ƙara ruwa a kan ruwa.

Cukun da aka fi sawa shi ne Cheddar ko Monterey Jack, ko a haɗa biyun. Wanda ake sayarwa a gurje an barbaɗe shi da sitaci ko makamancinsa don kada ya manne, kuma da yake a nan ba narkar da shi za a yi ba, ana jin bushewar a baki. Gurza shi da hannu minti biyu ne, kuma bambancin a fili yake. Zaitun a tsane shi. Ganyen albasa a bar shi sai za a kai tebur.

Akwai wani ɓangare da bidiyoyin ba su cika tsayawa a kai ba, ni kuwa a ganina ya fi launi muhimmanci. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta. Abincin da bai ga wuta ba a hannunka, tsabta da sanyi ne kaɗai garkuwarsa. A 2010 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bayyana cewa tsakanin 1998 da 2008, kusan ɗaya cikin kowace ɓarkewar cuta 25 da aka gano tushenta a gidajen abinci tana da alaƙa da salsa ko gwakamoli. Dalilin a bayyane yake: ɗanyun kayan lambu ne da aka yayyanka ƙanana, hannu ya taɓa su, aka tara da yawa, sannan aka bar su ba sanyi. Don haka a wanke hannu, a wanke tumatir da barkono da ganye, a wanke bayan fiya ma kafin a sa wuƙa, domin wuƙar tana ɗauko abin da ke kan ɓawo ta kai shi ciki. Kada a yanka su a kan katakon da aka yanka ɗanyen nama. Ƙa'idar da ma'aikatar noma ta Amurka ke bayarwa ita ce, abinci irin wannan kada ya wuce sa'a 2 a waje da firji, idan kuma zafin wurin ya haura digiri 32 a ma'aunin Selsiyos, sa'a 1 ce kawai. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 4 da 60. Wasan Super Bowl kansa yakan wuce sa'a 3, ka ga kwanon da aka fito da shi tun kafin a fara ya wuce wa'adinsa kafin a tashi. Dabarar ita ce a raba haɗin a ƙananan kwanuka biyu, a fito da ɗaya, ɗayan yana firji yana jiran lokacinsa, ko a ɗora kwanon a kan faranti cike da ƙanƙara. Abin da ya wuce wa'adi a tebur zubarwa ake yi, ko da ƙamshinsa bai canza ba.

Ana iya haɗa shi sa'o'i kaɗan kafin taro, a rufe a sa a firji, kuma ya fi daɗi idan ya sami aƙalla sa'a guda yana hutawa a sanyi. Kwana ɗaya shi ne iyakar abin da zan ba da shawara, shi ma a bar tumatir da ganyen albasa sai ranar. Ba a daskarar da shi, kirim ɗin tsinkewa yake yi idan ya narke.

Da yake kwano ɗaya ne hannu da yawa, yana da ladabinsa. Wanda ya gatsa fallen masara ba ya mayar da ragowar cikin kwano. Masu bincike a Jami'ar Clemson da ke Karolina ta Kudu sun gwada wannan a wani nazari da aka buga a 2009, suka tarar ƙwayoyin cutar baki suna komawa cikin haɗin, kuma sun fi yawa a salsa, saboda ruwa-ruwa ce, tana zubowa daga abin da aka gatsa ta koma kwano. Sanya babban cokali a gefe da ƙananan faranti yana rage wannan. Wasu masu masauki sun bar babban kwano gaba ɗaya, suna jera hawa bakwai ɗin a ƙananan kofuna masu haske, kowane baƙo da nasa. Aikin ya fi yawa, amma kowa yana samun dukkan hawan daidai, kuma ana iya barin saura a firji a riƙa fitowa da su kaɗan-kaɗan.

Sunan ya kuma faɗaɗa. Yanzu za ka ga ana kiran wani haɗi dip mai hawa bakwai irin na Girka, inda humus, wato markaɗaɗɗen wani irin wake da ake kira chickpea haɗe da riɗi, ke maye gurbin waken pinto a ƙasa, sai yogot mai kauri, kokwamba, tumatir, zaitun da farin cukun feta, ana dangwala da gurasar pita. A can babu fiya, don haka matsalar iska ta ragu, amma kokwamba ta fi tumatir ruwa, sai an cire 'ya'yanta an tsane ta sosai kafin ta hau kan yogot ɗin.