Waiwaye: jan maganin ciwo mai zaiba, da hatsarin haɗiye shi

Manya da dama a Kaduna za su tuna jan ruwan nan da ake ɗiga wa yaro in ya kurje gwiwa wurin ƙwallo. Sunansa Mercurochrome, kuma akwai zaiba a cikinsa. A 1918 ne Hugh Young, likita a asibitin Johns Hopkins na Amurka, ya gano yana kashe ƙwayoyin cuta, daga nan ya bazu duniya saboda arha.

Tun kafin shi akwai wanda ya fi shi muni: ƙwayar zaiba da ake narkawa a ruwa don wanke ciwo. Mutum zai tashi cikin dare da ciwon kai, ya laluba a duhu, ya haɗiye ta a zaton maganin ciwon kai ce. Bayan kwanaki ƙoda ta tsaya. Mace-macen sun yi yawa a Amurka har kamfanoni suka koma yin ƙwayar shuɗiya, da siffar akwatin gawa, don ko a duhu yatsa ya gane ta. Jan ruwan bai kai ta dafi ba, amma in aka sha da yawa yakan ƙona ciki, ya kawo amai da gudawa, ya taɓa ƙoda.

Amurka ta cire shi daga jerin magungunan da ta amince da su a 1998, Jamus ta biyo baya a 2003, Faransa a 2006. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, ta ƙasashen duniya kan rage amfani da zaiba, wadda Nijeriya ta tabbatar a 2018, ta sa 2020 a matsayin wa'adin daina yin irin waɗannan magunguna da shigo da su.

Abin da ke damuna shi ne doka ba ta shiga ɗakin Hajiya. Tsohuwar kwalba tana nan bayan kwanuka, takardar jikinta ta goge, ga launin mai jan idon yaro. In tsautsayi ya faɗa yaro ya sha, sai a ruga a ɗura masa manja ko a sa masa yatsa a maƙogwaro. Don Allah a bari. Aman dole yana ƙara ƙona maƙogwaro, manjan kuma na iya sarƙe shi ya shiga huhu. A ɗauki yaron tare da kwalbar a nufi asibitin Barau Dikko ko asibiti mafi kusa, ko da ya ce babu abin da ke masa ciwo, don illar ƙoda takan ɗauki lokaci kafin ta bayyana.